Shekara nawa duƙushi zai yi kafin a fita da shi farauta ko sukuwa?

Duk shekara da zarar watan Satumba ya kama, masu dawaki a Ingila, Ayalan da Faransa sukan koma kan wata muhawara da ba ta ƙarewa: wane duƙushi ne ya isa a fita da shi farauta bana, wane ne kuma za a bari sai baɗi? A waɗannan ƙasashe farauta a kan doki tare da garken karnuka al'ada ce ta ɗaruruwan shekaru, kuma dokin da ya ƙware a kanta yana da tsada a kasuwa. Wanda aka yi wa gaggawa kuwa yakan ƙare da ɗingishi, ko da wani tsoro da ba ya fita daga ransa, tun bai kai rabin ƙarfinsa ba.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga masu dawaki a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Yamai. A nan farauta a kan doki ta ja baya sosai, amma sukuwa da hawan salla suna nan da ransu. Duk wanda ya ɗaure duƙushi a turke, yana saya masa harawa da dusa, yana ƙirga ranar da zai gan shi da sirdi a gaban jama'a. Jikin doki kuwa iri ɗaya yake girma a ko'ina, don haka ma'aunin da mafarautan Turai ke amfani da shi yana da abin da zai ƙarar da mai doki a nan.

Abin da likitocin dabbobi da tsofaffin masu horar da dawaki suka haɗu a kai shi ne, ƙidayar shekaru ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Abu uku ake dubawa: ƙashin dokin, bakinsa, da hankalinsa. Idan ɗaya daga ciki bai nuna ba, sauran biyun ba sa ceton sa.

Abin da ranar farauta ke nema daga doki

A Ingila da yankin Wels, wata doka ta shekarar 2004, wadda ta fara aiki ranar 18 ga Fabrairun 2005, ta haramta sakin garken karnuka su bi dabbar daji irin dilar Turai. Tun daga lokacin ƙungiyoyin farauta suka koma bin sawun wari da ake ja a ƙasa kafin a fito. A Faransa kuwa doka ta bar al'adar, inda ƙungiyoyi kusan 400 ke bin barewa, aladen daji da zomo daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Maris. A Ayalan ma ana ci gaba da yin ta. Ko dabba ake bi ko wari, aikin da ke kan doki bai canza ba.

A Ingila da Ayalan babbar farauta tana buɗewa ne a farkon Nuwamba. Mahaya sukan taru da misalin ƙarfe 11 na safe, wani lokaci su kai gomiya, ga karnuka 25 zuwa 40 suna kai da kawowa a tsakanin ƙafafun dawaki. Ana iya wuni har yamma, sa'o'i 4 ko 5. A cikin wannan lokaci doki zai tsaya cik a bakin kurmi cikin sanyi na tsawon rabin sa'a, sai a busa ƙaho, dukkan dawaki su zabura lokaci guda. Za a keta gonaki masu taɓo, a tsallake shinge, rami mai ruwa ko katangar dutse, sannan a sake tsayawa.

Wannan tsayawa da zabura ba tare da sanarwa ba shi ne abin da ya fi gajiyar da ƙaramin doki. A filin tsere ya san inda zai fara da inda zai tsaya, kuma cikin ƴan mintoci an gama. A daji ba ya sanin abin da ke bayan shinge. Dokin da ya gaji yakan daina ɗaga ƙafa yadda ya kamata, kuma yawancin raunin jijiya da faɗuwa a ƙarshen wuni suke faruwa, lokacin da tsoka ta saki ta bar wa jijiya da gaɓoɓi nauyin duka.

Tsayi yana yaudarar ido

Doki yana saurin miƙewa. Kafin ya cika shekara ɗaya ya riga ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na tsayin da zai yi a rayuwarsa, alhali nauyinsa bai wuce kashi biyu cikin uku na wanda zai kai ba. A shekara 2, idan ya samu ci da kyau, mai kallo daga nesa zai ɗauka ingarma ne. A nan ne masu dawaki da yawa ke ruɗuwa.

A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, wanda daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Muddin faifan bai koma ƙashi ba, wurin yana da rauni. Waɗannan faya-fayai ba rana ɗaya suke rufewa ba: daga ƙasa suke farawa su yi sama. Na kusa da kofato suna rufewa tun dokin yana cikin shekararsa ta farko. Na saman gwiwar gaba, wanda masu tsere suka fi sa wa ido, yana rufewa tsakanin shekara 2 da 2 da rabi. Na sassan sama na ƙafa sukan kai shekara 3 zuwa 3 da rabi. Na ƙarshe shi ne ƙashin baya, daga wuya har kuturin wutsiya, wanda yakan kai shekara 5 zuwa 6 kafin ya gama ƙwari. Wato daidai inda sirdi da mahayi ke zama shi ne sashen da ke nuna a ƙarshe.

Sai dai wannan ba hujja ba ce ta a bar duƙushi a ɗaure har ya cika shekara 6. Ƙashi abu ne mai rai, aiki daidai gwargwado ne ke ƙara masa kauri. Duƙushin da ya tashi yana yawo da guje-guje a fili ya fi wanda ya tashi a ɗaure ƙwarin ƙashi. Matsalar tana ga bambancin saurin da sassan jiki ke sabawa da aiki. Zuciya, huhu da tsoka suna ƙarfi cikin ƴan makonni, amma jijiya da ƙashi watanni suke ɗauka. Shi ya sa duƙushi zai iya nuna zafin gudu, ba ya ko haki, mai shi ya ce ya isa, alhali ƙafafun ba su cimma zuciyar ba tukuna.

Baki ne takardar haihuwa

A ƙasashen Tarayyar Turai kowane doki yana da fasfo, kuma tun shekarar 2009 ana sanya wa sabbin haihuwa wata ƴar na'ura a ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambarsu. Mai saye ba ya buƙatar yarda da maganar kowa. A kasuwanninmu kuwa babu wannan, sai abin da dillali ya faɗa da abin da baki ya nuna. Abin farin ciki shi ne, har zuwa shekara 5 bakin doki yana faɗar shekarunsa kusan daidai.

Doki yana da haƙoran gaba 6 a sama, 6 a ƙasa. Na nono ƙanana ne, farare, masu siririn wuya a kusa da dasashi. Na dindindin sun fi faɗi da tsawo, kuma launinsu ya ɗan ja zuwa rawaya. Biyun tsakiya suna famfara a shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe kuma a shekara 4 da rabi. Fiƙoƙin namiji suna fitowa tsakanin shekara 4 da 5. Idan dukkan haƙoran gaba sun zama na dindindin kuma na gefen sun haɗu da ƴan uwansu, dokin ya cika shekara 5, bakinsa ya cika.

Akwai kuma abin da ba a gani sai an leƙa ciki. A tsakanin shekara 2 da rabi zuwa 4, wasu daga cikin turamen nono su ma suna faɗuwa, sababbi suna turowa daga ƙasa. A wannan lokaci baki yana ciwo. Duƙushin da ke kaɗa kai, yana taunar linzami, yana ƙin juyawa ɓangare ɗaya, sau da yawa ba taurin kai yake yi ba, dasashinsa ne ke masa zafi. Shi ya sa masu horo a Turai suke kiran likita ya duba baki kafin a fara sa wa doki linzami, da kuma kafin kakar farauta. Wanda ya amsa wannan ciwo da bulala ko da linzami mai kaifi, ya koya wa dokin ƙin linzami har abada.

Shekara 4, amma da sharaɗi

Al'adar da ta fi yaɗuwa a Ingila da Ayalan ita ce a fara hawan doki a hankali yana shekara 3, a sake shi ya huta, a dawo da shi aiki yana shekara 4, sannan a nuna masa farauta a kakar wannan shekarar. Nunawa ake yi kawai: ƴan fitowa kaɗan, gajeru, ba tare da manyan tsallake ba. Cikakkiyar kaka, inda doki zai riƙa wuni a daji a kai a kai, sai ya kai shekara 5 ko 6. A Ayalan akwai masu fitar da ɗan shekara 3, saboda dokin da aka ce ya taɓa farauta yana ƙara kuɗi a wurin masu saye daga waje. Wannan na daga cikin abubuwan da masu dawaki a can suke saɓani a kai.

Ita kanta ƙidayar tana da tarko. A Turai ana ƙara wa dawakin gasa shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko da a wane wata aka haife su. Duƙushin da aka haifa a watan Yuni za a kira shi ɗan shekara 4 alhali shekararsa 3 da rabi. Ga kuma bambancin iri: manyan dawaki masu dogon baya sun fi jinkirin nuna a kan ƙananan.

Idan aka duba wuraren da aikin doki ya fi tsanani, za a ga sun fi kowa haƙuri. Makarantar hawan doki ta birnin Biyana a Ostiriya, wadda ta shahara da fararen ingarmu, ba ta fara horar da su sai sun kai wajen shekara 4. Gasar Grand National da ake yi kusa da Liverpool, mai nisan kusan kilomita 7 da shingaye 30, ba ta karɓar dokin da bai kai shekara 7 ba. A wasannin Olamfik, dokin tsallake sai ya kai shekara 9.

Ko babban doki ma ba a ɗauko shi daga hutu a jefa shi farauta. Tsarin da aka saba a Ingila yana ɗaukar mako 8 zuwa 12: makonnin farko tafiya kawai, ana ƙara nisa kullum, sannan a shigo da sassarfa, sai daga baya a fara sukuwa a hankali, a haɗa da hawan tudu. Idan dokin da ya ƙosa yana buƙatar wannan, duƙushi ya fi shi buƙata.

Koren ƙyalle a wutsiya

Ma'auni na uku shi ne wanda ba a gani a haƙori ko a hoton ƙashi. Kafin a yi maganar farauta, masu horo sukan tambayi kansu: shin dokin nan yana tsayawa idan aka ce ya tsaya, ko da wasu dawaki sun wuce shi a guje? Yana yarda ya bar ƴan uwansa ya tafi shi kaɗai? Yana tafiya a gaba, a tsakiya da kuma a baya ba tare da ya yi tutsu ba? Ya taɓa shiga ruwa da taɓo? Ya san kare? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, aikin gida bai ƙare ba.

Don haka suke bi mataki-mataki. Da bazara ana fitar da karnukan farauta motsa jiki a kan hanya, a tafiya da sassarfa kawai, sai mai duƙushi ya bi su a baya domin dokin ya saba da warinsu da haushinsu. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba kuma akwai ƙaramar farauta ta sassafe, wadda a cikinta ake koyar da ƙananan karnuka. Mahaya kaɗan ne, gudu kaɗan, tsayuwa da yawa. A nan ne ake fara kai duƙushi, ba ranar buɗe babbar kaka ba, ranar da taro ya fi cika kuma kowane doki jininsa a sama yake.

Ranar da aka fito da shi, ana ɗaura masa koren ƙyalle a wutsiya, alamar cewa sabon shiga ne, kowa ya ba shi fili. Jan ƙyalle kuwa na dokin da aka san yana harbi ne. Dukansu biyun a bayan ayari suke tafiya. Ana kuma haɗa duƙushin da wani tsohon doki mai sanyin hali, su jera tare, domin doki dabba ce ta garke: idan na kusa da shi bai firgita ba, shi ma yakan kwantar da hankali. Duk lokacin da karnuka za su wuce, mahayi yana juya kan dokinsa ya fuskance su. A wurin mafarautan can babu abin kunya kamar dokinka ya harbi kare, kuma ana iya sallamar mutum gida a kan haka.

Ƙa'idar da suka fi nanatawa ita ce a koma gida da wuri, bayan sa'a ɗaya ko biyu, tun dokin bai gaji ba kuma yana cikin natsuwa. Mahaya da dama sun lura cewa fitar farko ba ta nuna gaskiyar hali, saboda mamaki yakan sa duƙushi ya yi lamo. A fita ta biyu ko ta uku, bayan ya gane cewa busar ƙaho na nufin gudu, a nan ne ake ganin ainihin dokin da ake da shi. Wanda ya yi murna da fitar farko ya saki linzami a ta biyu, yakan samu dokin da ba ya tsayuwa har ƙarshen rayuwarsa.

To ai na tsere tun suna shekara 2 suke gudu

Wannan ita ce hujjar da masu gaggawa suka fi kawowa, kuma gaskiya ne dawakin tsere na Ingila, Faransa da Amurka suna fara gasa a shekara 2. Sai dai akwai bambanci. Iri ne da aka shafe fiye da shekara 300 ana zaɓarsa saboda saurin nuna da gudu. Ana ciyar da su da ma'auni tun suna ciki. Mahayansu marasa nauyi ne, sirdinsu ɗan ƙarami, nisan gudun gajere, filin kuma a gyare yake. Duk da haka kumburin ƙashin ƙwauri ciwo ne sananne a tsakanin waɗannan ƙananan dawaki, kuma da yawansu suna barin fili tun suna da ƙuruciya. Doki kuwa yana iya rayuwa shekara 25 zuwa 30. Mai neman dokin da zai hau shekara 15 bai kamata ya ɗauki darasi daga sana'ar da ke neman riba cikin kaka biyu ko uku ba.

A filin sukuwa da ranar hawa

Idan aka dawo gida, hawan salla a Damagaram, Maraɗi, Tsibirin Gobir ko Doso yana da duk abin da ke rikita ƙaramin doki a farautar Turai, har da ƙari. Akwai doguwar tsayuwa a ƙofar fada, sai zabura lokaci guda. Akwai ƙarar bindiga, kakaki, algaita da tambura, ga guɗar mata, ga yara suna kutsawa, ga babura. Ga kwalta mai santsi. Sannan galibin dawakin hawa maza ne da ba a dandaƙe ba, an jera su kafaɗa da kafaɗa. Duƙushin da bai taɓa jin harbin bindiga ba, idan aka fara masa da wannan rana, haɗarin bai tsaya kansa da mahayinsa ba, ya shafi duk wanda ke tsaye a bakin hanya.

Nauyi ma abin lissafi ne. Ma'aunin da masana suka fi bayarwa shi ne kada abin da babban doki ke ɗauka, mahayi da sirdi duka, ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa. Dokin da ke da kilo 300 ke nan kilo 60 ne rabonsa. Sirdin gargajiya da jalala da kayan ado suna cin wani kaso mai yawa daga ciki tun mahayi bai taka likkafa ba, balle a zo ga lifidi. Duƙushin da ƙashin bayansa bai gama ƙwari ba ya kamata a rage masa ƙasa da haka. Linzamin gargajiya mai zobe kuma yana da kaifi ga bakin da ke famfara. Ita kuwa zamiya, wadda ke burge ƴan kallo, dukkan nauyin doki da na mahayi take jefawa kan gaɓoɓin ƙafafun baya a lokaci guda. Aikin dokin da bakinsa ya cika ne.

Akwai abu biyu da mafarautan Turai ba sa fama da su kamar masu dawakin Sahel: zafi da ƙarancin abinci. A shekarun nan ƙaramar salla tana faɗowa ne a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a kudancin ƙasar. Doki yana shan lita 20 zuwa 40 na ruwa a rana, kuma idan yana aiki cikin zafi buƙatarsa tana wuce haka nesa. Duƙushin da ya ratsa rani biyu a kan busasshen kara ba tare da isasshiyar harawa, dusa da hatsi ba, girmansa yana jinkiri, haka ma wanda tsutsar ciki ta ci. Irin wannan ko haƙoransa sun ce shekara 4, jikinsa bai kai ba.

Ga waɗanda har yanzu suke raka mafarauta daji a kan doki da rani, ko masu sakin karnukan Azawak a arewacin jihar Tawa, ƙasar ita ma tana da nata tarkon: ramukan gafiya da kurege, kututturan kara a gonakin da aka girbe, da ƙaya. Tsohon doki ya koyi duba inda zai sa ƙafa, duƙushi kuwa idonsa yana kan ƴan uwansa. Ita kanta farautar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ta kuma wajabta lasisi.

Matakan da ake bi a can suna da makwafinsu a nan, kuma tsofaffin masu barga sun san su. A shekara 2 duƙushi ya saba da ragama, da ɗaga ƙafa, da bin babban doki ba kowa a bayansa. A shekara 3 a fara ɗora masa sirdi da yaro marar nauyi, kilisa gajera da sanyin safiya ko yamma. A shekara 4 a kai shi bakin filin sukuwa ya tsaya ya yi kallo, ya ji kiɗa da bindiga daga nesa, ya raka ƙaramin hawan biki a baya, kusa da tsohon doki, a maido shi gida kafin a watse. Babban hawa da gasa ta sosai su jira cikar baki.

Abin da ke kawo gaggawa

Ba rashin sani kaɗai ke sa a hau duƙushi da wuri ba. Doki yana ci kullum, kuma kuɗin harawa yana hawa duk lokacin da rani ya yi nisa. Shekara guda ta ƙarin jira jikkuna ne masu yawa a wurin mai ƙaramin ƙarfi. Ga dillali kuma, duƙushin da aka gani ya yi gudu a fili ya fi wanda ke tsaye a turke saurin samun mai saye, kamar dai yadda lamarin yake a Ayalan. Akwai kuma zancen suna: mutum ya sayi doki, abokai sun zo sun gani, salla ta ƙarato, kowa yana tambaya.

Amma lissafin yana da ɗaya gefen. Jijiyar ƙafa idan ta yage takan ɗauki wata 9 zuwa shekara guda kafin ta warke, kuma ba kasafai take komawa yadda take ba. A duk tsawon wannan lokaci dokin yana ci, ba ya aiki, darajarsa kuma ta faɗi. Wanda ya ƙi jiran shekara ɗaya da lafiyayyen doki yakan jira ta da gurgu. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Washegari ake sanin gaskiya

Ko an bi duk matakan nan, dokin ne da kansa ke ba da amsa ta ƙarshe, kuma bayan aiki yake ba da ita. Zuciyar doki a hutu tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti. A gasar dogon zango ta duniya ba a barin doki ya ci gaba sai bugun ya sauko zuwa 64 cikin ɗan lokaci bayan ya tsaya. Mai doki zai iya jin bugun da yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan minti 20 sun wuce yana sama da haka, ko dokin yana ta haki, aikin ya fi ƙarfinsa. Idan aka ja fatar wuya aka saki ba ta koma nan take ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Da safe kuma a shafa ƙafafu huɗun daga gwiwa zuwa kofato, ana kwatanta dama da hagu, a ji ko akwai zafi ko kumburi. A danna bayansa inda sirdi ya zauna a ga ko zai lanƙwashe. A duba gefen baki ko linzami ya yanka. A duba ko ya cinye abincin dare, sannan a ja shi ya yi sassarfa a ƙasa mai tauri a ga takunsa. Idan aka ga ɗingishi ko kumburi mai zafi, a sauke masa aiki a nemi jami'in ma'aikatar kiwo ko likitan dabbobi mafi kusa. Idan kuwa ya ci, ya sha, ƙafafunsa sun yi sanyi, kuma da ya ga sirdi bai ja da baya ba, to a ba shi hutun ƴan kwanaki, sannan a ƙara masa kaɗan a fita ta gaba.